Aljannar da aka yanka fili-fili: gatsen wata waƙar Amurka ta 1976

Ranar 8 ga watan Disamba na 1976 ne ƙungiyar makaɗan nan ta Amurka mai suna Eagles ta fitar da faifanta «Hotel California». Waƙar farko, wadda faifan ya ci sunanta, babu inda ba ta kai ba. Gidajen rediyo sun yi ta sa ta har ta zama jiki, masu kaset sun yi ta juya ta, kuma ko wanda bai san Ingilishi ba yakan gane kukan gitar da ke rufe ta. A 2018 ƙungiyar masu sana'ar faifai ta Amurka ta tabbatar da cewa cinikinsa ya kai kwatankwacin faifai miliyon 26 a ƙasar kaɗai. Amma mutane kaɗan ne ke yin haƙuri su kai ga waƙa ta tara, wadda ke can ƙarshen faifan, mai tsawon minti bakwai da ɗoriya, wadda ba ta da amshin da ake maimaitawa, ba ta kuma rayuwa. Sunanta «The Last Resort», Don Henley da Glenn Frey ne suka tsara ta, Henley ne kuma ya rera.

Tun daga sunan gatse ya soma. A Ingilishi kalmomin suna ɗauke da ma'ana biyu. Ta farko ita ce dabarar ƙarshe, wato abin da mutum ke komawa gare shi in duk ƙofofi sun rufe. Ta biyu kuwa ita ce masaukin shaƙatawa na ƙarshe, irin wuraren nan na bakin teku ko kan tsauni inda masu hali ke zuwa hutu. Abin da waƙar ke nufi da haɗa biyun shi ne, mutanen da suka shafe shekara ɗari uku suna ƙaura yamma da neman wurin da ya fi, sun iso bakin teku, ƙasa ta ƙare, kuma abin da ya rage masu shi ne otal da filin ajiye motoci. An fitar da ita a shekarar da Amurka ke bikin cika shekara 200 da samun ƴancin kai, lokacin da kowace tasha ke yabon magabatan da suka ratsa daji suka kafa ƙasa.

Labarin waƙar bai da wuyar bi. Wata budurwa ce ta bar birnin Providence da ke gabar gabas, ta nufi yamma saboda ta ji ana ba da labarin wani wuri mai daɗin zama a cikin duwatsu. Daga duwatsun sai labari ya gangara hamada, ya kai Malibu a bakin tekun Pasifik, inda masu kuɗɗi suka share ƙasa suka jera gidaje, jama'a kuma suka yi rububin saye. Daga nan ya tsallaka teku zuwa Lahaina a tsibiran Hawai, bisa sawun ƴan mishan. A ƙarshe ya koma cikin coci ranar Lahadi, inda mutanen da suka gama cinye aljannar ƙasa ke waƙar wadda ke sama. A wata hira da mujallar Rolling Stone, Henley ya taƙaita manufarta da cewa ɗan Adam in ya sami abu mai kyau, zuwansa wurin kaɗai ya isa ya lalata shi.

Kiɗan shi ma yana cikin gatsen. Da piyano ake farawa, a hankali, kamar za a yi wa yaro waƙar barci, sa'an nan sauran kayan kiɗa su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, murya ta riƙa hawa, har abin ya koma tamkar waƙar ibada ta coci. Wanda bai jin kalmomin zai rantse yabo ake yi. Alhali kuwa tuhuma ce ake karantawa, da irin muryar da waɗanda ake tuhumar suka fi so. An ɗauki wani ɓangare na faifan a ɗakin ɗaukar murya na Criteria da ke Miami, kuma an ba da labarin cewa sai da aka yi ta maimaita ɗaukar wannan waƙa mai sanyi, domin ƙarar makaɗan Black Sabbath da ke aiki a ɗakin maƙwabta tana ratso bango.

Suna tun kafin a ga ƙasa

Ba banza aka zaɓi Providence a matsayin mafarin tafiya ba. Roger Williams ne ya kafa garin a 1636, bayan hukumomin Massachusetts sun kore shi saboda ra'ayinsa na addini, ya kuma raɗa masa sunan da ke nufin tanadin Ubangiji. Ke nan garin da budurwar ta gudu daga gare shi, shi ma a zamaninsa mafaka ce ta masu gudu. Kowane zango a wannan hanya haka yake: jiya shi ne alkawari, yau shi ne abin da ake tsere wa.

Ita kanta Kalifoniya daga tatsuniya ta samo suna. Wajen 1510 aka buga wani littafin almara a Sipaniya, na Garci Rodríguez de Montalvo, wanda ya siffanta wani tsibiri mai zinariya kusa da aljannar duniya, ƙarƙashin wata sarauniya baƙar fata mai suna Calafia. Wasu masana na ganin daga kalmar halifa marubucin ya ƙago sunan. Da matuƙan jiragen Sipaniya suka isa gabar yammacin Meziko bayan ƴan shekaru, sai suka liƙa wa abin da suka gani sunan abin da suka karanta. Tallar ta riga hajar zuwa kasuwa.

A 1845 wani ɗan jarida, John O'Sullivan, ya yaɗa ra'ayin cewa ƙaddara ce bayyananniya Amurkawa su mallaki nahiyar daga teku zuwa teku, kuma wannan ra'ayi na ƙaddara da sunan Allah shi ne waƙar ta fi yi wa kaca-kaca. Ranar 24 ga Janairu na 1848 aka tsinci zinariya a wani wurin yankan katako na John Sutter. Kwana tara bayan haka Meziko ta sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa Kalifoniya ga Amurka. Cikin ƴan shekaru mutum kusan dubu 300 suka kwararo. Ƴan asalin ƙasar kuwa, waɗanda masana tarihi suka ƙiyasta yawansu da dubu 150 a 1846, ba su wuce dubu 30 ba a farkon shekarun 1870, saboda kisa da cuta da yunwa da ƙwace ƙasa. Sai a 2019 wani gwamnan jihar, Gavin Newsom, ya nemi gafara a hukumance, ya kuma kira abin da sunansa, wato kisan ƙare dangi. Waƙar ta taɓo wannan a gurguje, ta hanyar ba'a ga baƙin da ke yabon al'adun mutanen da kakanninsu suka kora.

Ba a ambaci sunan garin duwatsun ba, amma masu sauraro da yawa suna ɗaukar Aspen ce ta jihar Kolorado, inda Henley da Frey duka suka mallaki gidaje a kewayenta. Garin haƙar azurfa ne da ya bunƙasa a shekarun 1880 bayan an kori ƙabilar Ute, ya durƙushe a 1893 da farashin azurfa ya faɗi, har mazaunansa suka koma ƴan ɗaruruwa. Bayan yaƙin duniya na biyu aka farfaɗo da shi da wasan zamiya a kan ƙanƙara. Matasa masu gudun birane suka zo don arha da shiru, mawaƙa da ƴan fim suka biyo su, dillalan filaye suka biyo mawaƙa. A 1970 marubucin nan Hunter Thompson ya tsaya takarar shugabancin ƴan sandan gundumar, kuma cikin alkawuransa har da sauya wa Aspen suna zuwa wani mummunan suna mai ma'anar garin teɓa, don dillalai su rasa abin bugawa a takardun talla. Ya faɗi zaɓe, amma ya gane inda cutar take, a sunan. Shekara biyu bayan haka masu zaɓe a Kolorado suka ƙi yarda a kashe kuɗɗin jiha kan wasannin Olimpik na hunturu na 1976, waɗanda aka riga aka ba birnin Denver, har ala tilas aka mai da su Innsbruck ta Ostiriya. Duk wannan bai hana Aspen zama ɗaya daga cikin garuruwa mafi tsadar gida a Amurka ba, inda masu dafa abinci da masu sharar otal ke kwana a garuruwa masu nisa su yi sammako.

Ruwan wani, lambun wani

Inda labarin ya fi nauyi shi ne kudancin Kalifoniya, domin a can ne aka mai da mafarki sana'a. Los Angeles wuri ne mai ƙarancin ruwan sama, damina gajera, rani dogo. A 1900 mazaunanta kimanin dubu 102 ne. Shugabannin birnin sun san cewa ba za a sayar da fili ba sai da ruwa, sai suka ɗaga ido zuwa kwarin Owens, can bayan duwatsu, inda manoma da makiyaya ke shan kogin da narkakkiyar ƙanƙara ke ciyarwa. Wani tsohon magajin gari, Fred Eaton, ya bi kwarin yana sayen gonaki da haƙƙin ruwa, mutane da dama suna zaton aikin ban-ruwa na gwamnatin tarayya yake wakilta. Injiniya William Mulholland ya gina magudana mai tsawon kilomita 375, wadda aka buɗe a 1913.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikacin hukuma su lura da shi a nan shi ne inda magudanar ta ƙare. Ba cikin birnin ta zuba ba, a kwarin San Fernando ta sauka, busasshiyar ƙasar alkama da ke arewa da shi. Kafin ruwan ya iso, wasu gungun attajirai sun riga sun saye ƙasar da arha. A cikinsu akwai Harrison Gray Otis da surukinsa Harry Chandler, masu jaridar Los Angeles Times wadda ta yi ta kiran jama'a su amince da bashin gina magudanar, akwai kuma Moses Sherman, wanda ya zauna a hukumar ruwa ta birnin. A 1909 kaɗai wani kamfaninsu ya sayi sama da hekta dubu 19. A 1915 aka haɗe kwarin da birnin. Talakawa suka biya bashi, waɗanda suka san inda bututu zai bi suka kwashe riba. Manoman Owens sun fasa magudanar da nakiya a 1924, ba ta hana kome ba. Kafin 1926 tafkin Owens, wanda jiragen ruwa suka taɓa ratsawa, ya ƙafe ƙaf, ya koma farin fako mai tayar da ƙura mai guba, har birnin ya kashe sama da dalar Amurka biliyon 2 daga baya wajen danne ta. A 1930 mazaunan Los Angeles sun haura miliyon 1 da dubu 200.

Bayan yaƙin duniya na biyu sai gini ya koma kamar aikin masaƙa. Dokar 1944 ta ba sojojin da suka dawo damar sayen gida da lamunin gwamnati, sau da yawa ba tare da ajiye ko sisi ba. A gabas, kamfanin Levitt ya gina gidaje sama da dubu 17 a kan gonakin dankali kusa da New York tsakanin 1947 da 1951. A yamma, an kafa Lakewood a kan gonakin wake kusa da Long Beach, gidaje kusan 17,500 cikin shekara uku daga 1950, ƙungiyar magina na zuba harsashi, wata na kafa katako, wata na rufi, kowace ta gama ta matsa gaba. Dokar manyan hanyoyi ta 1956 ta shimfiɗa kwalta har ƙofar waɗannan unguwanni. Gundumar Orange, wadda ta ci sunan lemu, tana da mutum dubu 216 a 1950, ta haura miliyon 1 da dubu 400 a 1970, lemun kuwa aka tumɓuke shi. Filin wasan Disneyland ma, da aka buɗe a 1955, a kan gonar lemu aka gina shi. Yawan jama'ar jihar ya tashi daga kusan miliyon 7 a 1940 zuwa kusan miliyon 20 a 1970, kuma ƙidayar wannan shekara ta nuna cewa mazaunan unguwannin bayan gari a Amurka sun fi na tsakiyar birane yawa.

Waɗannan gidaje masu kama ɗaya, kowane da ɗan filin ciyawa da garejin mota, su ne waƙar ta yi wa dariya. A nan kuwa akwai abin da za a ce a madadin masu gidajen. Mutumin da ya taso a gonar da ƙura ta binne a Oklahoma a shekarun 1930, ko ya girma a ɗaki ɗaya da iyayensa da ƙannensa a wani birnin masana'antu, ya je yaƙi ya dawo, aka ba shi makullin gida mai ɗaki uku da famfo da lantarki, ba wawa ba ne don ya karɓa. Ba aljanna ya nema ba, rufin asiri ya nema. Ba'ar mai kuɗɗi ga gidan ma'aikaci abu ne mai arha. Aibin da ya fi muni ma waƙar ba ta ambace shi ba: takardun sayen gidajen Levitt sun hana baƙar fata zama in ba a matsayin ɗan aiki ba, kuma irin wannan sharaɗi ya zama ruwan dare a Kalifoniya. Kotun ƙoli ta hana tilasta shi a 1948, amma sai a 1968 doka ta haramta wariya wajen sayar da gida. Tunda gida shi ne babban abin da iyalin Amurka ke gadar wa ƴaƴansu, giɓin dukiyar da wannan ya haifar bai rufe ba har yau.

Mai waƙa ma baƙo ne

Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya ceci wannan waƙa daga zama wa'azin mai taka tudu shi ne yadda wakilin suna ke sauyawa a cikinta. Da «ita» aka fara, aka koma «su», aka juyo ga «kai», sa'an nan a baitin da ya fi zafi, inda ake zancen kwaɗayi da zubar da jini, sai mawaƙin ya ce «mu». Bai ware kansa ba, kuma da ya ware da ya yi ƙarya.

A cikin mutum biyar da suka yi faifan babu ko ɗaya haifaffen Kalifoniya. Henley daga ƙaramin garin Linden na Texas ya zo a 1970, Frey daga Detroit, Randy Meisner daga Nebraska, Don Felder daga Florida, Joe Walsh kuwa a Kansas aka haife shi. Sai a 1977 ɗan jihar na farko, Timothy Schmit, ya shiga ƙungiyar. Dukkansu budurwar Providence ce da wani suna. Bugu da ƙari, su ne suka fi kowa tallar wurin. Waƙoƙinsu na farko, masu zancen hamada da doguwar hanya da zaman sauƙi, sun kira dubban matasa zuwa yamma fiye da duk wata takardar dillali. Henley ya mallaki gida a Malibu ɗin da ya yi wa zambo. Ita ma Malibu ƙauyen ƙabilar Chumash ce a da, daga baya ta zama gonar iyalin Rindge, inda uwargida May Rindge ta ƙarar da dukiyarta tana shari'a don hana hanya ratsawa, ta sha kaye a kotun ƙoli a 1923, aka buɗe hanyar a 1929, ita da kanta ta soma ba taurarin fim hayar bakin teku don ta biya lauyoyi. Kowane baƙo so yake a rufe ƙofa da zarar ya shiga.

Ƙungiyar ta watse a 1980, ta sake haɗuwa a 1994, ta kuma sa wannan waƙa cikin faifan dawowarta. A rangadin wannan shekara tana cikin na farko da suka kai kuɗɗin shiga sama da dala 100, dalar Amurka fa, ba dalar kasuwar Maradi ba. Frey ya rasu a Janairun 2016. A Satumban 2024 ragowar ƙungiyar ta soma jerin wasanni a wani katafaren zaure a Las Vegas, birnin caca da ke tsakiyar hamada, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kogin Kolorado ake janyo shi. Sai dai adalci ne a faɗi cewa Henley bai tsaya ga waƙa ba. A 1990 ya kafa gidauniyar Walden Woods, wadda ta saye filayen da ke kewaye da tafkin Walden a Massachusetts don hana gina ofisoshi da gidaje a wurin da marubuci Henry Thoreau ya zauna. Hanyar da ya bi ta kare dajin ita ce hanyar dillalan: ya riga su saye.

Inda ƙasa ta ƙare

Lahaina, zangon ƙarshe na waƙar, tana tsibirin Maui, kuma ma'anar sunanta a harshen Hawai ita ce rana marar tausayi. Duk da haka a da gari ne mai ƙoramu da fadamu da itatuwa masu inuwa, saboda ruwan da ke gangarowa daga duwatsu. Ita ce fadar masarautar Hawai daga 1820 zuwa 1845, sarki Kamehameha na uku kuma ya zauna a wani ɗan tsibiri da ke tsakiyar wani tafki mai alfarma a cikin garin. Ƴan mishan daga arewa maso gabashin Amurka, yankin da Providence take, sun iso Lahaina a 1823. Sun kafa coci, sun buɗe makarantar Lahainaluna a 1831, sun taimaka wajen rubuta harshen. A lokaci guda jiragen mafarautan ƙattin dabbobin teku, waɗanda ake narka kitsensu a yi man fitila, suka mai da garin zango, ɗaruruwa a shekara, da giya da cututtukansu.

Ƴaƴa da jikokin ƴan mishan da yawa ba su gaji wa'azi ba, ƙasa suka shiga saye. Rake ya mamaye tsibiran, kuma rake mashayin ruwa ne. Kamfanin Pioneer Mill, da aka kafa a 1860, ya karkatar da ƙoramun Lahaina zuwa gonakinsa, fadamu suka bushe, a farkon ƙarni na 20 aka cike tafkin sarki da ƙasa aka yi filin ƙwallo a kai. A 1893 wasu ƴan kasuwa, cikinsu har da zuriyar ƴan mishan irin su Sanford Dole da Lorrin Thurston, suka hamɓarar da sarauniya Liliuokalani da goyon bayan sojojin ruwan Amurka. An haɗe tsibiran da Amurka a 1898, suka zama jiha a 1959, majalisar Amurka kuma ta nemi gafara a 1993. A farkon shekarun 1960 aka soma jera otal-otal a Kaanapali, arewa da garin, a kan ƙasar kamfanin rake. Da Henley ya rubuta waƙarsa, Lahaina ta riga ta zama kasuwar masu yawon buɗe ido.

Abin da bai gani ba shi ne abin da ya biyo baya. A 1999 kamfanin raken ya rufe, aka bar dubban hektoci ba noma ba kiwo. Ciyayin da aka shigo da su daga Afirka tun da daɗewa don dabbobi suka cika gonakin, ɗaya daga cikinsu ma dangin ƙarangiya ce ta jini. Duk wanda ya san dajin Sahel bayan kaka ya san abin da irin wannan ciyawa ke jira. Ranar 8 ga Agusta na 2023, iska mai ƙarfi ta karya turakun lantarki, wayoyi suka kunna wuta da safe, aka zaci an kashe ta, ta sake tashi da rana. Kafin gari ya waye mutum 102 sun hallaka ko sun sami raunin da ya zama ajalinsu, gine-gine sama da 2,200 sun ƙone, har da cocin Waiola da aka kafa a 1823. Wasu sai cikin teku suka faɗa don tsira. Sama da shekara 100 Amurka ba ta ga gobarar daji mai kisa irin wannan ba. Yawancin waɗanda suka rasa gidaje ba masu hutu ba ne, ma'aikatan otal ne da tsofaffi da ƴan asalin tsibirin da zuriyar leburorin rake da aka kawo daga Filifin.

Ba Lahaina kaɗai ba. A arewacin Kalifoniya akwai wani gari da sunansa ma Paradise, wato Aljanna, mai mutum kimanin dubu 26, yawancinsu ƴan fansho da masu ƙaramin ƙarfi da tsadar birane ta koro zuwa cikin itatuwa. Ranar 8 ga Nuwamba na 2018 wata tsohuwar wayar lantarki ta tayar da wutar da ta kashe mutum 85 ta cinye gine-gine sama da dubu 18, kuma a 2020 kamfanin lantarkin, PG&E, ya amsa laifin kisa ba da niyya ba har 84 a gaban kotu. A ranar da Paradise ta kama, wata wutar ta tashi a kudu ta gangara Malibu ta ƙone gine-gine sama da 1,600. A Janairun 2025 wata ta sake bin wannan gaba, daga Pacific Palisades zuwa Malibu, ta cinye sama da 6,800. Tun a Mayun 2023 kamfanin State Farm, mafi girma a inshorar gidaje a jihar, ya sanar da dakatar da karɓar sababbin gidaje. Bayan ƙidayar 2020 Kalifoniya ta rasa kujera guda a majalisar wakilai, karo na farko a tarihinta, yayin da dubban iyalai ke loda kaya suna komawa gabas, zuwa Texas da Arizona da Nevada da Idaho, inda mazauna ke kukan cewa baƙin sun tayar masu da farashin gida.

A tsakiyar Lahaina akwai wata ƙatuwar itaciya dangin ceɗiya, wadda aka kawo daga Indiya aka dasa a 1873 don tunawa da cika shekara 50 da zuwan ƴan mishan. Wuta ta babbake ta, amma cikin ƴan makonni ta soma fitar da sabon ganye, hotonta ya zaga duniya. A daidai waɗannan makonni, tun ana tonon gawawwaki cikin toka, waɗanda suka tsira suka soma kai ƙarar cewa wasu da ba su sani ba suna kiransu ta waya, suna aiko masu da saƙonni, suna taya filayen da gidajensu suka ƙone a kai. Kafin watan Agusta ya ƙare sai da gwamnan Hawai, Josh Green, ya sa hannu a dokar ta-ɓaci wadda ta mai da taya fili a yankin, ba tare da mai shi ya nema ba, laifin da ake hukuntawa.